Tukwanen Godiya a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano bakina bai huta ba. A coci tambaya, a kasuwa tambaya, a gindin mangwaron tasha kuwa, inda mu tsofaffin ma'aikatan reluwe muke zama da hantsi, sun mai da ni rediyo. Kowa ya zo sai na koma farko. Wanda ya ji labarin zanen da ke waƙa bai ji na goro ba, wanda ya ji na goro ya ce ƙari nake yi. Hedimasta Yohanna ne ya kawo mini littafin rubutu guda biyu, ya ce in zuba komai a ciki in huta. Karatuna bai wuce aji bakwai na makarantar mishan a Fadan Kaje ba, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa ya wuce.

Sunana Bulus, amma a Kafanchan an fi sanina da Baba Mai Guduma. Aikina a reluwe shi ne bin ƙafafun jirgi ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasa su da doguwar guduma. Ƙafa mai lafiya tana amsawa kamar ƙararrawa. Wadda ta tsage kuwa, ko ido bai ga tsagar ba, muryarta a dushe take fitowa. Da kunne na ci abinci, da kunne na gina gida, har ina taƙama da shi. Sai Ubangiji ya ba ni 'ya wadda sanƙarau ya ɗauke wa ji tana da shekara bakwai. Sunanta Godiya.

Ba zan ɓoye abin da na yi ba, domin in na ɓoye, tafiyar ba ta da kai. Na ƙi yarda cewa 'yata kurma ce. Da ta shiga makarantar kurame ta dawo hutu tana magana da hannu, sai kunya ta kama ni gaban maƙwabta. Na hana. Na ce a gidana da baki ake magana, ta dubi leɓena ta gane, ta kuma amsa da murya. In ta ɗaga hannu sai in buge shi. Uwarta Rifkatu ta yi ta roƙona, ban saurara ba. Godiya ta girma, ta tafi karatun fasaha, daga can ta wuce Kwatano ta ƙasar Benin ta yi aure. Rabona da ita tun jana'izar uwarta, shekara tara ke nan, kuma ko a lokacin ba ta kwana a gidana ba.

Mijinta Kofi, wanda ban taɓa gani ba, shi ya aiko saƙo ta wayar Ngozi. Ngozi 'yar marigayi abokin aikina ce, a layin reluwe aka haife ta, Hausarta ta fi Ibonta, kuma takan je Kwatano saro gwanjo. Saƙon ya ce za a yi bajekolin sababbin ƙirƙire-ƙirƙire, Godiya tana cikin masu nunawa. Na tambaya ko ita ce ta ce in zo. Ngozi ta sake karantawa, ta ce abin da Godiya ta faɗa shi ne ƙofar wurin a buɗe take ga kowa. Kwana biyu ina juya maganar. Na ga in na zauna jiran gayyata da sunana, kabari zai riga ta isowa. Na shirya in je in nemi gafararta, ko ta karɓa ko ta ƙi.

Mun tashi ranar Litinin da sassafe. Tsarabata acca ce, da busasshiyar citta, da zumar Kagoro a ƙaramar jarka. Ngozi ta dubi jarkar ta ce marfin bai yi mata ba, na ce mata na girmi marfin. Muka bi ta Kwoi zuwa Keffi, muka shiga babbar bas a Abuja. Ba mu kai Gwagwalada ba wani ya miƙe ya yi mana wa'azi mai daɗi, har na ce amin da ƙarfi. Yana rufe Littafi sai ya buɗe jaka ya fito da maganin basir.

A Lokoja aka tsaya cin abinci. Hali zanen dutse, ina sauka na tarar da kaina ina zagaya motar ina ƙwanƙwasa tayoyi da sandata. Direba ya bar kifinsa ya taso, ya tambayi Ngozi ko tsohon nan lafiyarsa ƙalau. Ta ce ya gode wa Allah, yau injiniya ya duba masa mota kyauta. Daga nan har Legas fasinjoji Injiniya suke kirana, duk ramin da muka faɗa sai wani ya ce a tambayi Injiniya ko ƙafa ta tsage. A Legas ban ga komai ba sai bayan motoci. Muka kwana gidan yayar Ngozi, washegari muka kama hanyar Badagiri zuwa bodar Seme.

A boda aka ce kowa ya fito da fasfo da katin allurar rigakafi. Na zura hannu a jaka, na ji danƙo. Marfin da na girma ya ci amanata. Zuma ta bi ta cikin rigar da na ajiye domin ranar ganin Godiya, ta shiga katin ta manne shafukansa. Jami'ar lafiya, wata mai tabarau, ta karɓa da yatsa biyu, ta nemi buɗewa, yatsunta suka manne. Ta miƙa wa abokin aikinta, shi ma ya manne. Ni kuwa sai gumi nake yi, ina tunanin daga nan za a mai da ni gida, na zo bakin rijiya ban sha ruwa ba. Ngozi ta samo ruwan ɗumi wurin mai shayi, aka riƙa ɗaga shafin a hankali da bakin reza har hatimi ya fito raɗau. Matar ta lashi yatsanta, ta ce zumar dai ta gaskiya ce, amma in sake marfi. A ɓangaren Benin kuma wani ya kwance buhun accata, ya murza ta a tafinsa, ya tambaya ta bakin Ngozi tsuntsaye nawa nake kiwo. Da aka gaya masa abincin mutane ne, kuma 'yata zan kai wa, sai ya ɗaure buhun da kansa ya sara mini.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duka riga ɗaya suke sawa, mai ruwan ɗorawa, da lamba a baya, in suka taso daga danja sai ka ce gonar furanni ce ta tsinke da gudu. Mata ma suna tuƙa nasu da jariri a goye. Fetur a manyan kwalabe ake sayarwa a bakin titi kamar manja. Abin da ya fi ba ni mamaki, da rana ta take sai shaguna da yawa su rufe, masu su su tafi cin abinci su kwanta. Na ce da Ngozi in ɗan kasuwar Kafanchan ya yi haka za a je gaishe shi a ɗauka rasuwa aka yi.

Mun sauka a Zango, a masaukin wani Alhaji mutumin Nijar. Da ya ga Littafi Mai Tsarki a hannuna sai ya laƙaba mini Baba Fasto. Na ce ni ba fasto ba ne, ya ce ai shi ma ba liman ba ne amma yara suna kiransa Malam, mu bar shi a haka. Matarsa ce ta wanke mini rigar zuma. Abincin garin kuwa sai mai haƙuri. Aka kawo mini tuwon masara mai tsami, a naɗe cikin ganye, da sanyinsa, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono niƙaƙƙe. Na tambaya ko an manta ba a ɗumama ba, aka ce haka ake cinsa. Loma ta farko hawaye, ta biyu tari, ta biyar na nemi ƙari. Da safe kuma burodi dogo kamar sanda, mai tauri, an tsaga cikinsa an cusa taliya. Na tuna faten accarmu da yakuwa, na ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kofi ya zo ɗaukarmu da hantsi. Dogo ne, mai aikin lantarki, a zangon Paraku, can arewacin Benin, ya tashi, don haka Hausarsa ba ta da laifi. A wurinmu suruki daga nesa yake tsugunawa ya cire hula. Shi kuwa ya taho kai tsaye ya rungume ni, ya haɗa goshinsa da nawa dama da hagu, na tsaya kamar turke. A mota ya gaya mini gaskiya. Ya ce Godiya ta san ina gari, ba ta ce komai ba, kuma ranta a ɓace yake domin aikinta ya samu matsala, gobe kuma ake buɗe wurin ga jama'a. Ya ƙara da cewa ta daɗe da daina amfani da muryarta, da hannu take magana ko ta rubuta, kada in sa rai.

Wurin bajekolin tsohon sito ne na auduga kusa da tashar jiragen ruwa, an share shi an raba shi rumfa-rumfa. Daga bakin ƙofa na gane ta, ko da ta juya baya, domin tsayuwar uwarta ce. Tana tsakiyar waɗansu tukwanen ƙasa, da rigar aiki, ta aske gashinta ƙasa-ƙasa. Kofi bai kira ta ba, ƙafa ya buga sau biyu a kan katakon da take tsaye, ta ji a tafin ƙafarta ta juyo. Ta zo ta rusuna kamar yadda aka koya mata, ta ciro waya ta rubuta ta nuna mini: "Sannu da zuwa, Baba. Ya hanya?" Na ce lafiya. Ta gyaɗa kai, ta juya wurin mijinta, hannuwansu suka shiga tashi da sauka da sauri kamar masu sheƙe hatsi. Na tsaya a tsakaninsu ban gane ko ɗaya ba. Kofi ya ce ta ce mu zaga mu ga wuri tukuna, tana da aiki.

Na tafi da nauyin zuciya, amma wurin nan bai bar mutum ya daɗe da nauyin zuciya ba. Rumfa ta farko wani masaƙi ne daga Burkina, ya rataye saƙaƙƙen zane mai ratsi-ratsi, tsawonsa ya kai gaba biyar. Ngozi, da yake sana'arta ce, ba ta tambayi kowa ba ta kama bakin zanen ta murza don ta ji ingancinsa. Sai zanen ya fashe da waƙa. Ta yi tsalle baya ta kira sunan Yesu, ta taka mini ƙafa. Ashe siraran wayoyin tagulla ya saƙa a cikin zaren, kowane ratsi da muryar da aka ajiye masa. Ka taɓa baƙin ratsi ka ji ƙarar masaƙa, ka taɓa fari ka ji tsohuwar da ta kaɗa zaren tana waƙar aiki, ka shafa hannu a kai gaba ɗaya su haɗu. Na yi ta shafawa kamar yaro. Ngozi ta tambaye shi in aka wanke fa, ya ce ba a wankewa. Ta ce to ba zai yi kasuwa a Kafanchan ba.

Gaba kaɗan wata mata ce daga Dakar da akwati irin tsohuwar rediyo, amma maimakon lasifika hanci ake kangawa. In ka murɗa maɓalli, tashar da za ka kamo ƙamshi ce. Ta ce taswirar garinsu ce ta yi wa hanci. Na murɗa na ji kifi banda, na murɗa na ji ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, har sai da na ɗaga kai na dubi rufi. Na sake murɗawa na ji dutsen guga na gawayi a kan farar riga, nan take na ga Rifkatu ranar Lahadi da safe tana hura gawayi tana yi mana faɗan za mu makara. Ban san hanci yana ajiye mutum haka ba. Matar ta tambaya, ta bakin Kofi, garinmu ƙamshin me yake yi. Na laluba aljihu na ba ta busasshiyar citta guda biyu. Ta karya ta shinshina, ta rufe ido, kafin in ankara ta sumbace ni a kunci dama da hagu. Ngozi ta ce wannan labari sai ya kai gaban zumuntar mata ta cocinmu, sai dai in na saya mata ayis kirim.

Na goro kuwa, wanda kuka ce ƙari nake yi, ga yadda ya faru. Wani Bature mai gemu ya ɓara goro ɗaya gida biyu a gabana. Ya sa mini abin ji a kunne, ya saki wani sauti mai kauri kamar kukan bijimi daga nesa, ya ce in tauna rabi. Ɗaci har ƙeya. Na kurkure baki, ya saki wani sauti siriri kamar ƙananan ƙararrawa, na tauna ɗaya rabin. Ɗacin yana nan, ban ce ya tafi ba, amma ya ja baya, wani ɗan zaƙi ya leƙo. Goro ɗaya, baki ɗaya. Ngozi ta ce wayo ne, ta gwada sau uku don ta kama shi, ba ta kama shi ba, ta dai cinye masa goro.

Da muka dawo rumfar Godiya sai Kofi ya yi mini bayanin aikin. Tukwane goma sha biyu ne a jere a zagaye, da benci da dandamalin katako a tsakiya. A cikin kowace tukunya akwai wata 'yar na'ura da ke mai da sauti ya zama girgiza, don kurma ya ji kiɗa da fatarsa. Matsalar ita ce tun jiya kiɗan yana fitowa da wani ɓarɓaɗi da ba nasa ba. Sun canza wayoyi, sun canza na'urori, abin yana nan. Godiya ta ce laifin a jikin wata tukunya yake, amma da yake dukansu a kan katako ɗaya suke, girgizar tana bin ko'ina, ta kasa ware mai laifin.

Na ji hannuna yana ƙaiƙayi. Na ce a kashe na'ura, a sauke tukwanen a kan buhu ɗaya ɗaya, a ba ni cokali. Kofi ya faɗa mata da hannu. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta kashe da kanta. Na ɗaga ta farko da yatsu uku a bakinta, na ƙwanƙwasa da gindin cokali. Ta amsa garau. Ina matsawa ta biyu sai na ga Godiya ta tsuguna kusa da ni ta ɗora kan yatsunta a jikin tukunyar. Haka muka bi su, ni ina bugawa ina saurare, ita tana taɓawa. Ta uku lafiya, ta biyar lafiya, ta takwas lafiya. Ina buga ta tara na ji muryar nan da na sani, a dushe, gajeriya. Ban kai ga buɗe baki ba na ga ta riga ta ɗago kai tana kallona. Na ce a kawo ruwa. Muka shafa wa tukunyar, da ta fara bushewa sai ga layi siriri kamar gashi a ƙarƙashin wuya, ya ƙi bushewa. Kofi ya ɗauko wata daga cikin na ajiya, aka haɗa, aka kunna, Godiya ta ɗora tafi ta rufe ido, kafaɗunta suka sauka. Ni kuwa na zauna a kan buhu ina kallon yatsun nan. Abin da na yi shekaru ina taƙama da shi, ga shi ta gada, kuma da hannun da na riƙa bugewa.

Ta nuna mini benci, ta nuna takalmina. Na cire na zauna. Ta kifa mini wasu manyan marufan kunne irin na masu aiki kusa da injin, ta ɗora tafukana a kan tukwane biyu. Duniya ta ɗauke ɗif. Ina ganin bakin Ngozi yana motsi, ba komai. Sai ganga ta shigo ta tafin ƙafata. Ban ji ta ba, amma ta shigo, ta hau ƙwauri ta zauna a gwiwa. Tulun kiɗa ya biyo ta bayan bencin yana dukan ƙashin bayana a hankali. Ƙaho ya zo a tafin hannu kamar an kama ƙudan zuma a cikin ƙwarya. Daga ƙarshe wani abu mai laushi ya riƙa yawo a kan yatsuna, yana hawa yana sauka, na gane muryoyin mata ne. Daga yadda tulun yake faɗuwa na san kiɗan gida ne, irin na zumuntar mata ranar godiyar kaka. Kafaɗata ta soma rawa ba da izinina ba. Na yi dariya, sai ban ji dariyata ba, wannan kuma ya tsorata ni. Minti kaɗan na yi a cikin shirun nan. Ita a ciki na bar ta tun tana shekara bakwai, ina yi mata tsawa ta amsa mini.

Da aka cire mini marufan na san lokaci ya yi. A al'adarmu babba ba ya neman gafarar ɗansa baki da baki. Kawu ake aikawa ko gwaggo, a je a ce tsoho ya ce a bar maganar, sai a dafa abinci a ci tare, shi ke nan. Tun daga gida da wannan na taho, na riga na sa Kofi a matsayin ɗan aike, ga shi kuma shi ne mai fassara. Na jawo shi na ce ya gaya mata tsoho ya ce abin da ya wuce ya wuce. Ya ɗaga hannu ya fara. Godiya ta kama wuyan hannuwansa biyu ta sauke su, ta nuna masa ƙofa.

"Zo mu je, surukin Baba," in ji Ngozi, tana jan rigarsa. "Wannan ba kasuwarmu ba ce."

Muka rage mu biyu. Ta ɗauko wata ƙaramar tukunya mai waya da abin magana a jiki, ta zauna a gabana gwiwa da gwiwa, ta miƙo mini abin maganar. Ta rubuta a waya da manyan baƙaƙe: "Kai ka tilasta mini karanta baki. Na iya. Faɗi da kanka." Ta ajiye wayar, ta rungumi tukunyar da tafukanta biyu, ta kafa wa bakina ido.

Na ce, "Godiya, na yi miki laifi. Na buge hannunki. Na sa kin zauna a kansa har muka gama cin abinci, kamar wadda ta yi sata. Na riƙa gaya wa uwarki don amfaninki nake yi. Ƙarya ne, kunyar maƙwabta na ji. Ba kawu na aiko ba, ni ne na zo. Ki gafarta mini."

Ba ta motsa ba sai da na yi shiru. Sannan ta ɗauki waya ta daɗe tana rubutu, ni kuma ina laluben tabarau a aljihun da ba ya ciki. Ga abin da na karanta: "Gashin bakinka ya cinye rabin maganar, haƙoran ma sun tafi. Amma na gane. Muryarka ta tsufa."

Na tambaye ta ina ta san muryata har ta san ta tsufa. Ta rubuta cewa lokacin da ciwon ya sake ta, nakan ɗauke ta a bayan keke zuwa asibiti, ita kuma takan manna ƙirjinta a bayana. Ta ce ina tuƙi ina waƙar coci, ba ta ji da kunne amma tana ji a ƙirjinta, kuma a lokacin nan ne kaɗai ba ta jin tsoro. Da likita ya ce jin ba zai dawo ba sai na daina ɗaukarta. Ta ce abin nan na bayan keke take nema tun da ta fara aikin tukwane. Ni na manta da keken ma gaba ɗaya. Na cire tabarau na goge, na mayar, na sake cirewa.

Ta karɓi wayar ta ƙara: "Gafara ban gama ba, amma na fara. Ci gaba da magana." Ta mai da tafukanta kan tukunyar. Na ce me zan faɗa, ta ɗaga kafaɗa, wato ko mene ne. Kaina ya zama fanko, ba waƙa ba addu'a. Abin da ya zo bakina shi ne tashoshin jirgi. Na fara: Kafanchan, Kagoro, Manchok, Kuru, Bukuru, Jos. Ta rufe ido, ta daina kallon bakin ma. Na juya kudu, Gudi, Lafiya, Makurɗi, na bi su ɗaya ɗaya har Fatakwal. Da layin ya ƙare ta buɗe ido ɗaya ta juya yatsa, na sake daga farko. Sau uku muka je Fatakwal kafin su Kofi su leƙo.

Washegari aka buɗe wurin, mutane suka cika, kurame da masu ji suna layi a rumfarta ba takalmi. Ni aka ba aikin jera takalman, na kuma yi shi da kyau. Da yamma ta dafa accar a gidanta, ta yi fate, Kofi ya ci kwano biyu. Ranar da za mu taso ta rako mu tasha, ta rubuta cewa za ta zo da Kirsimeti ta ɗauki kiɗan ƙaho a ƙauye. Na tambaya ina za ta sauka. Ta ce a gidana, in har na tarbe ta a bakin ƙofa da hannu, ba da baki ba.

Dawowa ba wani labari, sai ciwon gwiwa da Ngozi da ta yi ta ba fasinjoji labarin matar Dakar. Yanzu kowace Asabar ina zuwa wurin wata malamar kurame a bayan cocinmu. In kun wuce ƙofar gidana kuka ga tsoho yana murɗa yatsu shi kaɗai, ba taɓuwa ba ce, bita nake yi. Malamar ta ce yatsuna sun yi tauri kamar kusoshin layin dogo, amma suna lanƙwasuwa a hankali. Na iya "sannu da zuwa", na iya "ya hanya". Wannan satin muna kan "ɗakinki a share yake".